Da Wane Harshe Ake Gargaɗin Mai Shara?

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da ɗakin gwaji. Mu da muke fama da ginin jimla da tsarin sauti da waƙoƙin ƙarni na sha tara, ina ruwanmu da kwalaben 'yan kimiyya? Ni ma haka nake gani a da, har sai da abin ya shigo cikin gidanmu. Don haka ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni a sannu.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta yi kusan shekara bakwai tana aikin shara da goge-goge a wani ɗakin gwajin jini da fitsari mai zaman kansa a nan cikin garin Mubi. Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin ba tonon silili ne ya kawo ni ba, kuma mai wurin ya ɗauki nauyin maganinta. Ita ce take fara zuwa kullum, tun kafin ƙarfe bakwai, ta share ta goge kafin ma'aikata su iso. Wata safiya a cikin watan Afrilun bara ta tarar da wani ruwa mai ɗan kauri kamar man gyaɗa ya malalo daga ƙarƙashin kanta. Ba shi da launi, ba shi da wari. Sai ta jiƙa tsumma a bokiti, ta durƙusa ta shafa. Nan take tsumman ya ɗauki zafi a hannunta, ya fara yin baƙi. Ashe wata kwalbar asid ce ta tsage, ɗan'uwan ruwan batirin mota, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni takaici. Ta goge hannun da gefen zaninta, ta fita wurin wata mai sayar da abinci ta roƙi manja ta shafa, kamar yadda aka saba yi wa ƙunar wuta a gida. Sai da wani ma'aikaci ya iso, bayan kusan rabin awa, sannan aka sa hannun a ruwa. Har yau yatsunta biyu ba sa lanƙwasuwa yadda ya kamata.

Da na je ɗauko mata kayanta, na ga wata takarda manne a bango, daidai saman wurin wanke hannu. An buga ta da kyau, har an rufe ta da leda don kada ta jiƙe. A ciki an bayyana abin da mutum zai yi idan wani abu mai cutarwa ya zube, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa wanda asid ya taɓa ya wanke wurin da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Duk da Turanci. Da na koma gida na ce mata, "Gwaggo, takardar nan ta bango fa, ba a taɓa karanta miki ita ba?" Sai ta ce, "Ɗana, wannan ai ta likitoci ce." Shekara bakwai tana goge ƙurar takardar.

Kada mai karatu ya ɗauka gwaggona ba ta iya karatu ba. Ita ke karanta sanarwa a taron zumuntar mata na majami'arsu, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa ba ya rabuwa da jakarta. Da a ce layi ɗaya na takardar nan da Hausa yake, da ta san ruwa za ta nema ba manja ba. To, a nan ne nake ganin maganar ta shafe mu. Ra'ayina shi ne, duk wani gargaɗi da aka manna a ɗakin gwaji a ƙasar nan tamu, matuƙar mai shara da masinja da maigadi ba za su gane shi ba, to ba a kammala shi ba. Kuma rabin aikin kammala shi namu ne, mu ɗaliban harshe.

Mu duba garin da muke ciki. Akwai Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1979, ga babban asibiti, ga makarantun sakandare, ga ƙananan wuraren gwaji na 'yan kasuwa a unguwanni. Kowanne ɗakin gwaji a cikinsu yana da wanda ke share shi. Mutanen nan kuwa Gude ne da Fali da Margi da Higi da Nzanyi da Fulani da sauransu, kowa da harshen da ya sha a nono. Ni kaina da Gude na buɗe baki, a kasuwa da filin ƙwallo na tsinci Hausa kafin in zo in karance ta a aji. Amma idan Bamargiya da Bafulatana suka haɗu a bakin famfo, da Hausa suke gaisawa. Da ita ake ciniki a kasuwar shanu, da ita ake wa'azi a masallatai da majami'u da dama. Wurin da kawai ba a yarda ta shiga ba shi ne bangon da aka rubuta yadda mutum zai tsira da idonsa.

Akwai wani tarihi da ya kamata kowane ɗan yankin nan ya sani. Kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi, idan ka bi kwarinsa zuwa arewa, za ka isa garin Lassa a ƙaramar hukumar Askira/Uba ta Jihar Borno. A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan a asibitin garin, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos, ta rasu a can. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka tafi da ita Amurka, Allah Ya yi da sauran kwananta. Aka kai jininsu ɗakin gwaji na Jami'ar Yale, inda aka gano ƙwayar cutar aka raɗa mata sunan garin. A cikin wannan shekarar, babban masanin da ke binciken, Jordi Casals, ya kamu a bakin aiki, sai da aka yi masa ƙari da ruwan jinin Pinneo kafin ya tashi. Kafin shekarar ta ƙare wani ma'aikacin wurin mai suna Juan Roman ya rasu da cutar, alhali shi ba ya cikin masu aiki a kanta. Daga nan aka dakatar da aikin a Yale aka mayar da shi wani ɗakin gwaji mai tsananin tsaro a Atlanta. A farkon 1970 kuma likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, ita ma ta bi su.

Wani zai ce ai waɗannan duk Turawa ne, Turanci bai cece su ba. Gaskiya ne. Su a lokacinsu babu wanda ya san cutar, su ne suka biya kuɗin karatun da rayukansu. Amma abin da aka koya daga mutuwarsu an rubuta shi, an mayar da shi ƙa'idoji, kuma fiye da shekara hamsin ke nan yana nan a rubuce. Tambayata ita ce, nawa ne daga cikinsa ya dawo kwarin Yedzaram da harshen da mutanen kwarin ke ji? Sannan mu lura da Juan Roman. Ba shi ne mai binciken ba, a gefe yake, kamar dai yadda mai shara take a gefe. Zazzaɓin Lassa kuwa bai tafi ko'ina ba, kusan kowace shekara yakan tashi a Nijeriya, musamman da rani. A kwanakin farko kamanninsa ɗaya da zazzaɓin cizon sauro ko taifod, wato jinin mai ɗauke da shi yana iya biyowa ta ƙaramin ɗakin gwaji na unguwa tun kafin kowa ya yi zargi. Idan 'yar kwalbar jinin nan ta faɗi ta fashe, wa ake kira ya goge?

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi shafar karatunmu. Bayan abin da ya sami gwaggona na ce bari in gwada fassara takardar nan, ina ganin aikin dare ɗaya ne. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Tun a kalmar farko na tsaya. Abin da 'yan kimiyya ke ajiyewa a kwalabe mun saba ce masa sinadari a rediyo da jarida. To amma sinadari a kunnen mace mai girki abu ne mai daɗi, shi ake sa wa miya ta yi armashi. Ka rubuta "sinadari ya zube" ka ga ko wani zai ja da baya. Kalmar magani ta fi wannan rikici. Maganin zazzaɓi magani ne, maganin ɓera magani ne, maganin ciyawa da ake fesawa a gonakinmu shi ma magani ne. Kalma ɗaya ta haɗa abin da ke warkarwa da abin da ke kisa, kuma ina zaton wannan yana daga cikin dalilan da ke sa manomi ya ɗauraye galan ɗin maganin feshi ya zuba ruwan sha a ciki hankalinsa kwance. Guba ita ce kalmar da ke razana mutum, amma ita kuma a tunanin yawancinmu sai an ci ko an sha take aiki. Asid ɗin da ya ci hannun gwaggona ba shansa ta yi ba. Shi ya sa na koma ga abin da kowa ke faɗa a tasha da gareji, na rubuta "ruwa mai cin fata, irin ruwan batir". Bai yi kama da Hausar ƙamus ba, amma da na karanta wa mata uku masu irin aikinta, duka ukun sun gane.

A wani wurin kuma Hausa ta fi Turancin takardar wadata. Inda suka yi amfani da kalma ɗaya, mu muna da ɗiga da tsiyaya da yoyo da zubewa da malala da kwarara da fantsama. Kowace da girman matsalarta, kowace da abin da ya dace a yi. Abin da ya ɗiga, ma'aikacin da ya san shi zai iya kwashe shi da kansa. Abin da ya malale har ya cika tsakar ɗaki, ko yake hayaƙi, sai dai kowa ya fita a hana shiga a kira manya. Abin da ya fantsama kuwa maganar ido da fuska ce, ba a tsayawa tambaya, ruwa ake nema. Wanda ya san aikatau na Hausa da kyau zai iya rarraba waɗannan matakai a layi uku. Af, kafin in manta, duk wanda zai buga irin wannan takarda ya tabbatar na'urarsa tana da haruffa masu ƙugiya. Na ga inda aka rubuta "Hadari" da jan fenti a ƙofa, sai ka ce ruwan sama ake sanarwa, alhali haɗari ake nufi.

Haka kuma akwai wuraren da ilimin da ke cikin madafin iyayenmu zai taimaka. Kowace mace ta san kanwa tana kashe tsami. Wannan shi ne ainihin abin da ɗan kimiyya yake yi idan ya kewaye asid ɗin da ya zube da busasshen yashi, daga gefe zuwa tsakiya, sannan ya riƙa barbaɗa garin soda a hankali har kumfa ta daina tashi. Ba cewa nake a kwaso kanwa a kai ɗakin gwaji ba, cewa nake da misalinta za a yi wa mutum bayani ya gane cikin minti ɗaya. Haka batun jini. Ƙa'ida ta ce a rufe shi da takarda mai tsotse ruwa, a zuba ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari, a bar shi ya jima kafin a kwashe da safar hannu, kuma ba a tsince fasasshen gilashi da yatsu. To wa zai gane kashi 0.5 cikin ɗari da ƙarfe shida da rabi na safe? Amma idan bilic ɗin mai ƙarfin kashi 3.5 ne, ka ce "kofi ɗaya na bilic, kofi shida na ruwa, kuma a haɗa sabo kowace rana", magana ta ƙare. A ƙara da cewa kada a kuskura a gauraya bilic da asid ko da wani ruwan wanke masai, domin iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. Wannan ita ce fassara, ba musayar kalma da kalma ba.

Sai zaiba, wato farin ruwan ƙarfen nan mai gudu da ke cikin tsofaffin ma'aunan zafin jiki. Idan ma'aunin ya fashe, abu na farko da hannun mai shara zai kai gare shi tsintsiya ce, ita ce kuwa aka hana, domin tana farfasa zaibar ta watsu cikin tsagogin daɓe, ta yi ta fitar da tururin da ba a gani ba a jin warinsa. Da takarda mai kauri ake tattara ta, a sa a kwalba mai murfi, a buɗe tagogi. Matsalar ita ce na tambayi abokan ajinmu waɗanda aka haifa cikin Hausa, da yawa ba su san kalmar zaiba ba. Ina ga gwaggona? Saboda haka wanda zai yi wa Mubi wannan aiki dole ya rubuta da Hausar da ake ji a Mubi, wadda 'yan'uwanmu Kanawa ke yi wa dariya, ko da zai sa kalmar ƙamus a gefe.

Na tattauna wannan ra'ayi da wani abokina da ke karanta kimiyyar haɗa sinadarai, kuma bai bar ni na tafi haka nan ba. Da farko ya ce ai an riga an warware matsalar harshe da hotuna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsari a 2003, mai alamomi tara a cikin jan zane mai kusurwa huɗu, kuma su ne ake gani a jikin kwalabe a ko'ina. Sai na nemo hotunan a waya na nuna wa gwaggona. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa ta gane, harshen wuta ta gane. Amma da muka zo kan alamar abu mai cin fata, wadda ke nuna ruwa yana zuba a kan hannu, sai ta ce, "Wannan cewa aka yi a wanke hannu." Na rasa abin faɗa. Hoto ma harshe ne, sai an koya wa mutum shi.

Na biyu, ya ce matsalar ba ta harshe ba ce, ta kuɗi ce. Me amfanin ka rubuta a wanke da ruwa minti 15 a inda famfo ba ya kawo ruwa, ko ka ce a kunna na'urar zuƙe hayaƙi a inda babu wuta? A nan kam na ba shi gaskiya, fiye da rabi. Takarda ba ta zama safar hannu, ba ta zama tabarau. Sai dai kuma akwai abubuwan rigakafi da ba sa cin kuɗi. A ajiye duro cike da ruwa mai tsabta da buta sabuwa wadda ba a zuwa bayi da ita, don wanke ido. A ajiye bokitin yashi. Manyan kwalabe masu haɗari su zauna a ƙasan kanta cikin roba mai zurfi, ta yadda ko sun tsage ba za su malalo ba. Kada a zuba komai a gorar ruwa ko kwalbar lemo. Kada a bar mutum shi kaɗai ya share inda ba a nuna masa abin da ke ciki ba. Mai shara da ta san ana bukatar waɗannan, ita ce za ta fara lura ran da duron ya ƙafe.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai. Ya ce fassarar da aka yi ba daidai ba ta fi rashin fassara muni, domin mutum zai amince da ita. Ya tuna mini da Karen Wetterhahn, farfesa a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, ƙwararriya a kan guba ta ƙarafa. A watan Agustan 1996 ɗigo ɗaya ko biyu na wani nau'in zaiba ya faɗa a kan safar hannunta ta roba, ya ratsa cikin daƙiƙoƙi, ta rasu a watan Yunin 1997. Ta bi ƙa'idar da aka sani a lokacin, ƙa'idar ce ta gaza. Ya ce to idan ɗalibin Hausa ya rubuta "sa safar hannu ka goge" a inda safar ba ta isa ba fa? Wannan magana ta sa na gyara tunanina a wuri biyu. Ɗalibin Hausa ba zai yi aikin nan shi kaɗai ba, sai da ɗan kimiyya a gefensa yana duba kowane layi. Kuma takardar mai shara ba irin ta ma'aikacin gwaji ba ce. Tata gajeriya ce: "Idan kin ga wani ruwa ko gari ya zube ba ki san shi ba, kada ki taɓa, kada ki zuba masa ruwa, kada ki share. Ki fita, ki hana kowa shiga, ki kira lambar nan. Idan ya taɓa jikinki ko idonki, ki cire tufar da ya ɓata, ki yi ta kwarara ruwa har minti 15. Ban da manja, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai."

Da girmamawa nake tambayar malamanmu da shugabannin ƙungiyar ɗalibai. Kowace shekara muna rubuta kundayen kammala karatu a kan jigo da salon mawaƙi wane, wani lokaci mawaƙin da aka riga aka yi masa kundi goma. Ban raina wannan ba, ni ma waƙa ce ta jawo ni sashen nan. Amma me zai hana a ba ɗalibi ɗaya ko biyu damar tattara kalmomin kariya a ɗakin gwaji, su zauna da 'yan kimiyya, su gwada su a kan masu shara da masinjoji, su rubuta wadda aka gane da wadda ba a gane ba? Magabatanmu sun yi irin wannan wa fanninmu, littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 shi ne shaida. Kuma kada a tsaya a boko. Maigadi da dama ajami yake karantawa, wani kuma sai dai a naɗa masa murya a tura masa ta WhatsApp.

Takardar da na fara tana nan, shafi ɗaya ce. Abokina ya riga ya soke mini layi biyu a ciki. Ina neman wanda hannunsa ya faɗa a ajami, da wanda zai mayar da ita Fulatanci. Sannan har yanzu akwai alama ɗaya daga cikin taran nan da na kasa samar wa suna, mai harshen wuta a kan da'ira, wadda ake sa wa abin da shi kansa ba ya ci da wuta amma yana ƙara wa wuta ƙarfi. Na gwada "mai rura wuta", gwaggona ta ce wannan ai mafici ne. Wanda yake da abin da ya fi wannan ya same ni bayan lacca.